Hanyar Gafasa da Furen da Ya Dace da Jigawa

Wanda ya bar Kano ya nufi gabas a ƙarshen rani, lokacin da ƙurar hunturu ta fara lafawa amma zafin bazara bai kankama ba, zai yi tafiyar kimanin kilomita 40 kafin ya hau gadar Wudil. A ƙarƙashinta ruwan kogin Kano da na Challawa ne, sun riga sun haɗe suna gangarawa Haɗejiya. Masu ɗibar yashi na ta lodin tifa a bakin gaɓa, in kuwa ranar Juma'a ce sai an yi haƙuri da motocin shanu. Da an wuce nan ƙasa sai ta sake kama. Koren lambunan bakin kogi ba ya nisa, hanyar Gaya kuma ta ratsa gonakin da aka girbe tun kaka, ba abin da ya rage sai tushen kara da kunyoyin da iska ta fara shafewa. Bayan Gaya sai Ajingi, ƙaramar hukumar da ta yi iyaka da Jihar Jigawa, Gafasa kuwa ɗaya ce daga mazaɓunta goma, tare da su Toranke da Balare da Kunkurawa. Ƙasa ce mai rairayi wadda ruwan sama ba ya kwana a kanta. A irin wannan lokaci itatuwa ne kaɗai ke hutar da ido: kuka ta kaɗe ganye sarai, ga tsamiya da ɗorawa da kanya, ga gawo mai yin ganye da rani ya zubar da damina, sai darbejiya a bakin kowane gari. Kowannensu da aikin da yake yi wa mai shi, wani miya, wani kunu, wani daddawa, wani abincin dabba da takin gona, wani inuwa. Abin da matafiyi zai yi ta dubawa da wuya ya gani shi ne itacen da aka dasa ake kuma wahala da shi saboda furensa kawai. Ina ganin wannan giɓi ne da za a iya cikewa, kuma ba sai an je wata ƙasa neman abin cike shi ba.

Ba rashin iyawa ba ne ya kawo giɓin. Gaya tsohon gari ne na masu sana'ar hannu. Tarihin baka na Kano ya ce daga nan ne maƙeran da ake kira Abagayawa suka tashi suka sauka gindin Dala suna neman tama, kuma sana'ar da ake gada daga kaka zuwa jika ba baƙon abu ba ce a wannan yanki. A fagen shuka ma haka ne. Manomin da ya bar ɗan gawo a tsakiyar gonarsa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, yana sassabe masa ƙananan rassa shekara bayan shekara har ya miƙe, ya san abin da ake kira jiran itace. Wanda ya yanki reshen aguwa ya kafa a iyakar gona ya san dashe. Masu lambu a bakin kogin Wudil sun san yadda ake yi wa mangwaro aure, a ɗora reshen mai zaƙi a kan gindin mai ƙarfi a ɗaure da leda. Matan da ke cikin gida sun san lalle da zogale, sun san lokacin da ake datse su don su yi sabon toho. Duk hannun da ake bukata don raya itacen ado yana nan. Abin da ba a yi ba shi ne a zaɓi itace ɗaya mai fure a mayar da hankali a kansa na tsawon zamani.

Akwai mutanen da suka yi haka, kuma labarinsu ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙasar Sin akwai wani ɗan itace da suke kira mudan, Turawa su ce masa fiyoni mai itace, don bambanta shi da ɗan'uwansa mai laushin jiki wanda ke mutuwa har ƙasa kowace shekara ya sake tsirowa. Tsayinsa bai cika wuce mita ɗaya zuwa biyu ba, amma furensa ɗaya kan kai faɗin santimita 20 ko fiye, ganyen furen a ninke bisa juna, akwai fari, akwai ja, akwai rawaya, akwai shunayya. Sinawa na ce masa sarkin furanni. Asalinsa itacen daji ne a kan duwatsu, kuma ba don kyau aka fara nemansa ba, ɓawon saiwarsa ake haƙa don magani. A zamanin daular Tang, tsakanin shekarar 618 da 907, ya shiga lambunan sarakuna, daga baya birnin Luoyang ya zama gidansa. A wajajen 1034 wani malami kuma ma'aikacin gwamnati mai suna Ouyang Xiu ya rubuta ɗan littafi a kan mudan ɗin Luoyang, ya lissafa iri 24 da sunayensu da yadda ake rainonsu. Wasu sunayen na gidajen da suka fito da irin ne, kamar rawayan gidan Yao da shunayyan gidan Wei, waɗanda har yau ake nomawa da waɗannan sunaye. Ya kuma nuna cewa reshe ɗaya na rawayan Yao da za a yi aure da shi kan kai tsabar kuɗi 5,000. Tun 1983 Luoyang ke yin bikin furen kowane watan Afrilu, birni ya cika maƙil da baƙi, birnin Heze a lardin Shandong kuma ya zama babbar cibiyar nomansa don sayarwa. A 2011 hukumomin Sin suka amince a riƙa cin man da ake tatsa daga ƙwayarsa.

Yadda ake kula da shi ne ya fi jan hankalina, domin a nan ake ganin cewa furen ba kyautar daji ba ce, aikin mutane ne. In aka shuka ƙwayar mudan sai an jira shekara biyar ko fiye kafin a ga furen farko, kuma abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwar ba. Saboda haka mai lambu yakan shuka da yawa, ya jira, ya zubar da mafi yawansu, ya riƙe ɗaya da ya fi kyau. Wannan ɗayan ba a sake yarda da ƙwayarsa, sai dai a yanki reshensa a yi masa aure da saiwar fiyoni mai laushin jiki, a ƙarshen lokacin zafi. Wajen dasawa ana binne mahaɗar auren da zurfin santimita 10 zuwa 15, domin reshen ya fitar da saiwar kansa ya daina dogaro da ta aro. Ana dasa shi da kaka kafin sanyi ya shigo, a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, a wurin da iska mai ƙarfi ba ta dukansa. Ba ya son a yi ta tumɓuke shi ana sauya masa wuri, ba ya son datsa mai yawa, sai dai a cire busassun rassa da duk tohon da ya fito daga saiwar aro, don in aka bar shi zai danne na saman. Duk wannan hidima saboda furen da bai cika wuce mako biyu ba a shekara. Amma itacen da aka kula da shi yakan haura shekara ɗari, wanda ya dasa ya tafi, jikokinsa su ci gaba da ban ruwa.

Mai karatu zai iya cewa to me zai hana a kawo shi Gafasa? Ai darbejiya ma baƙuwa ce, daga Indiya take, ba ta shigo Borno ba sai wajajen 1928, ga shi yau ba garin da babu ita. Mangwaro ma baƙo ne. Maganar tana da hujja, amma ta tsallake abu ɗaya. Darbejiya da mangwaro daga ƙasar zafi suka zo ƙasar zafi. Mudan kuwa ba ya fure sai idanun rassansa sun yi barci na makonni da dama a jere cikin sanyin da bai cika haura digiri 7 ba. Sanyin hunturunmu da muke ƙorafi a kansa, wanda ke sa a kwana da wuta a ɗaki, da dare yakan tsaya ne a wajajen digiri 12 ko 13, rana na yi kuma ya koma kusan 30. Sannan a watan Afrilu, daidai lokacin da mutanen Luoyang ke yawon kallon fure cikin iska mai daɗi, ma'aunin zafi a gabashin Kano yana taɓa 40. Wani zai ce a sa shi a ɗakin sanyi. Ana yin haka a Sin ɗin kanta: manoman Heze sun daɗe suna kwasar itatuwan da suka riga suka sha sanyi zuwa Guangzhou a kudu mai ɗumi, su tilasta musu yin fure don kasuwar sabuwar shekara. Amma wannan ciniki ne na kaka ɗaya, itacen ba ya zama ɗan gida a can. A garin da wutar lantarki ba ta wadaci injin niƙa ba, kashe kuɗi a kan haka ɓarna ce. Abin da ya kamata a ɗauko daga Luoyang shi ne hanyar aikin, wato zaɓe, da aure, da sa suna, da rubutawa, da jira, a yi wa itacen da ƙasarmu ta riga ta karɓa.

Itacen kuwa akwai shi, tsofaffi sun san shi da suna kariya. Ɗan asalin wannan yanki ne na Sahel, daga Senegal har Sudan, ya gangara gabashin Afirka ya tsallaka ƙasar Larabawa, kuma tun da daɗewa ana dasa shi a garuruwan Hausa. Wanda ya taɓa ganinsa ba ya mantawa. Gindinsa a kumbure yake kamar tulu, fatarsa toka-toka mai santsi, a nan yake adana ruwan da zai kai shi damina. Daga gindin sai gajerun rassa masu kauri su miƙe, kowanne da ɗan tarin ganye a ƙarshensa. Da rani ya yi nisa sai ya zubar da ganyen, a daidai lokacin da duk ƙasa ta zama ruwan ƙura, sai furanni su ɓarke a kan rassan da ba ko ganye ɗaya. Kowane fure yana da leɓe biyar, bakinsa ja-ja ne mai haske, yana dushewa zuwa fari a wajen maƙogwaro. In fure ya kama sai kwanso biyu dogaye su fito manne a gindi, kowanne ya nufi gefensa, in sun nuna su tsage su saki 'ya'ya sirara masu gashi a kai da gindi, iska ta kwashe su yadda take kwashe na tumfafiya, wadda dama danginsu ɗaya. Ba ya bukatar fadama, ba ya neman inuwa, zafin da mudan ba ya so shi ne ke sa shi fure.

Abin da ya fi damuna shi ne wasu sun riga sun yi wa kariya abin da Luoyang ta yi wa mudan, mu muna zaune. Masu lambu a Tailan da Taiwan sun ɗauki wannan itace, suka yi ta barbarar fure da fure da hannu, suna shuka dubban 'ya'ya suna zaɓen kaɗan. Daga fure mai leɓe biyar suka fito da mai ninki biyu da uku, daga ja-ja suka fito da fari fat, da ja wur, da mai ratsi-ratsi, da mai duhu kusan baƙi. Kowane iri da sunansa, kuma aure suke yi masa don kada ya sauya. Yau ana aika shi Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa a matsayin furen hamada mai tsada, a ƙasashen sanyi ma sai an shigar da shi ɗaki da hunturu don kada ya mutu. A nan kuwa ba ya bukatar ɗaki ko na'ura, ƙasarsa ce.

Rainonsa bai fi ƙarfin kowa ba, amma yana da ƙa'ida, kuma babbar ƙa'idar ta zo ɗaya da ta mudan: kada ruwa ya kwanta a saiwa. Ba fari ke kashe kariya ba, yawan ruwa ne, musamman na watan Agusta. A dasa ta a ɗan tudu, nesa da inda indararo ke zuba da inda ruwan wanke-wanke ke bi. In a tukunya ce, a huda gindinta, a cika ta da yashin kogi da ɗan ruɓaɓɓen taki da gutsattsarin gawayi, kada a sa laka. Ban ruwa sai ƙasar ta bushe, da hunturu kuma in ta zubar da ganye a rage sosai. Sabuwar ƙwaya takan tsiro cikin kamar mako guda, ta yi fure cikin shekara ɗaya zuwa biyu, amma in ta daɗe a ajiye sai ta mutu. Reshe ma yana kamawa in an bar bakin yankan ya bushe kwana biyu kafin a kafa shi, sai dai ba ya yin ƙaton gindi irin na wadda ta tashi daga ƙwaya. Shi ya sa ake tayar da gindi daga ƙwaya, sannan a yi masa aure da reshen da aka zaɓa. Ana yanke kan gindin a kwance da reza mai tsabta, a ɗora ɗan guntun reshe mai ido ɗaya ko biyu a tsakiya, a rufe da leda a ɗaure, a ajiye a inuwa kamar mako biyu. Wanda ya iya auren mangwaro zai koyi wannan a yini ɗaya. Inda suka bambanta da mudan shi ne wajen dasawa. Shi ana ƙara binne shi, ita kuwa duk sanda aka sauya mata tukunya sai a ɗan ɗago ta sama, domin gindin ya fito fili ya sha iska.

Na san maganar da ta fi nauyi ba ta yanayi ba ce, ta ciki ce. Za a ce mutanen da ke lissafin ko hatsin rumbu zai kai su damina, waɗanda yaransu ke jiran layi a bakin famfo, ina ruwansu da fure? Ban raina wannan magana ba. Da itacen da nake kira a raya zai ci gona ko ya sha ruwan da mutum zai sha, da ban kawo shi ba. Amma kariya ba ta shiga gona, gefen zaure ko kusurwar tsakar gida ya ishe ta, kuma ruwan da za a ba ta a mako bai kai na alwala ɗaya ba. Ta fuskar kuɗi, masu sayar da shuke-shuken ado a bakin titunan Nasarawa a Kano da na Abuja suna da masu saye, kuma itace ne da ke jure doguwar tafiya a mota ba ƙasa ba ruwa. Ba na cewa zai azurta kowa, kasuwarsa ƙarama ce, amma macen da ke sayar da garin lalle da ganyen zogale daga cikin gidanta za ta iya jera tukwane ashirin a gindin katanga ba tare da ta bar wata sana'a ba. Sannan ban yarda cewa talaka ba ya son kyau ba. Wanda ya ga zanen da magina ke yi a fuskar zaure, ko aikin allura a hular Bahaushe, ko jeren kwanoni a ɗakin amarya a ƙauyen da ya fi kowane nisa da titi, ya san cewa ado ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Mun kai shi ga tufa da gini da ƙafar amarya, ba mu kai shi ga shuka ba tukuna.

Akwai kuma batun guba, kuma ba wasa ba ne. Ruwan jikin kariya yana ɗauke da dafin da ke taɓa zuciya, maharba a sassa da dama na Afirka sun yi amfani da shi a bakin kibiya, wasu kuma wajen kashe kifi. Yana cutar da mutum, yana cutar da dabba. Wannan dalili ne na a san inda za a ajiye ta, ba na a guje ta ba. Aguwa da tumfafiya da cini-da-zugu da zaƙami duk suna tare da mu, kowane yaro a ƙauye an gaya masa kada ya kai su baki ko ido. A ɗora tukunyar inda mai rarrafe ba ya kaiwa, kada a dasa kusa da turken awaki, wanda ya yi datsa ko aure ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa fuska ko abinci, kuma kada kowa ya yi gangancin jiƙa ta da sunan magani.

Haɗarin da na fi jin tsoro daga ɓangarenmu yake. Ranar da aka gane cewa tsohuwar kariya mai ƙaton gindi tana kuɗi a birni, za a shiga daji da diga a tumɓuke wadda ta yi shekara hamsin a wurinta, a sayar da ita kuɗin cefanen kwana biyu. In aka bi wannan hanya, cikin 'yan shekaru za a rasa iyayen da za a ɗebi iri a jikinsu, alhali bambancin da ke tsakanin na daji, wannan ta fi ja, waccan ta fi yawan fure, wata ta fi daɗewa tana yi, shi ne jarin duk wani zaɓe da za a yi nan gaba. Tsofaffin a bar su inda suke, ƙwaya kawai za a ɗauka, kuma dabarar ita ce a naɗe kwanson da zare tun bai tsage ba don kada iska ta riga mutum. Aikin tattarawa da rubutawa ya dace da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, wadda ke kan wannan hanya, tare da malaman aikin gona na makarantun sakandare a Gaya da Ajingi. Littafi ɗaya ya isa a fara da shi: daga wane gari aka samo ƙwayar, wace shekara aka shuka, yaya launin furen, a wane wata ya fito, kwana nawa ya yi. Wadda ta fi kyau a cikin ɗari a yi mata aure a yaɗa ta, a kuma sa mata sunan gida ko unguwar da ta fito, domin mai saye a Kano ya san abin da zai tambaya in ya dawo neman irinta.